Layin Ƙasa a Takardar Kawu

Kawuna bai taɓa hawa keke a tsere ba, amma babu mahayin da bai sani ba. A gidansa na girma, ni nake share masa ofis, ni nake kwashe takardu daga bakin firinta. Abin da ban gani da idona ba, daga bakinsa na ji daga baya.

Aikinsa shi ne bai wa 'yan tseren keke maki. Kowa yana da makinsa na hawan tudu, na gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, na juriya, da na iya shan kwana a gangara. Yana haɗa su da nauyin mutum da bugun zuciyarsa da yanayin iska, kwamfuta ta fitar da jerin yadda za a ƙare. Mai Lissafi ake ce masa. A tsere goma yakan dace a bakwai, mu a gida muna ganin ya kai, shi kuwa ukun nan ne suke hana shi sakewa. A ƙasan kowace takarda akwai wani layi guda, inda yake rubuta wanda yake ganin ba zai kai ƙarshe ba, mai ciwon gwiwa ko mai saurin gajiya.

Wata rana ya faɗa a talabijin cewa wani ne zai ci babban tsere, sai tayar mutumin ta fashe saura kaɗan. Aka yi ta masa dariya, kulob ɗin da yake wa aiki ya sallame shi. Bai yi mako ba ya nemi boka.

Da tsakar rana ya je, bayan wani tsohon sito na tayoyi. Ɗakin ba taga, sai warin ƙonanniyar roba da na jini. An rataye ƙafar keke a rufi, an ɗaure wa wayoyinta jajayen tsummoki, tana juyawa a hankali alhali babu iska. A ƙarƙashinta akwai ƙwarya cike da baƙin ruwa, an kewaye ta da tsatsattsiyar kaca. Bokan yana zaune a kan taya, bai ko ɗago kai ba.

"Bakwai cikin goma bai ishe ka ba," in ji shi.

"Goma nake so."

"Za ka samu. Saman takarda naka ne, layin ƙasa nawa. Kowane tsere ka sa mini suna ɗaya, na wanda ka taɓa gaisawa da shi hannu da hannu. Suna ba ya maimaituwa."

"Me zai same shi?"

"Zai faɗi. Yadda zai tashi ba ruwanka."

"In ban rubuta ba fa?"

"Za a cike maka."

Kawu ya ce mini a nan ya yi lissafi a ransa. A kowane tsere dama mutum huɗu ko biyar suna faɗuwa, ashe shi ba abin da zai ƙara, nuna ɗaya kawai zai yi daga cikinsu. Bai tambayi daga ina za a cike ba. Ya tsoma hannun dama a ƙwaryar, ƙafar keken ta tsaya cak.

Daga nan bai sake kuskure ba. Kulob-kulob suna layi a ƙofarsa, gidajen talabijin suna rububinsa. Muka koma gidan bene mai ofis a sama. Anti, matarsa, ta sami motar kanta, aka ba Kaka ɗaki mai na'urar sanyi, tana cewa ƙashinta ba ya so. Na layin ƙasa kuwa suna ta faɗuwa. Wani ya karya kafaɗa, wani ƙugu. Na shida ya fita daga kwana a gangaren dutse, ba a ɗauko shi da rai ba.

Kawu ya tsorata. A tseren da ya biyo baya ya bar layin ba komai, na ga haka a kwamfutar da idona. Da takardar ta fito, sunan Anti ne a wurin. Ya yayyaga ta, ya sake bugawa, ya sake fitowa. Ya hana Anti fita ranar. Daidai lokacin da na farko ya tsallake layin ƙarshe a talabijin, muka ji faɗuwarta a matakala, ta sauko ne kawai ta ɗauki tsintsiya. A nan ta cika.

Bayan haka ya koma rubuta sunayen mahaya. Amma zance ya fara yawo cewa duk masu faɗuwar nan ya taɓa gaisawa da su hannu da hannu. Idan ya shiga wurin atisaye, sai kowa ya riƙe kan kekensa da hannu biyu, a gaishe shi da ka. Sunayen da yake da su suka yi ta ƙarewa, har aka zo wani tsere da babu wanda ya rage masa a cikin masu hawa sai ƙanensa.

Tsinke muke ce masa saboda rama, shi ne autan Kaka. Safiyar jajiberin tseren yana tsakar gida yana shafa wa kaca mai, Kawu ya sauko ya ce masa ya haƙura da wannan, ya ce zai saya masa duk abin da yake so. Tsinke ya yi dariya.

"Yaya, nawa ka ba ni a hawan tudu? Kada ka ce har yanzu sittin, Kaka ma da sandarta ta fi haka."

"Ba wasa nake ba. Kar ka hau."

"Shekara uku ina jiran a sa ni a tseren nan. In kana tsoron in ɓata maka lissafi ne, faɗa mini."

Kawu ya koma sama ya rufe ƙofa. Da ya kira ni in kwashe takardu, na tarar ya cika allo da lambobi. Ba ni yake wa magana ba, amma na ji. Mahaya goma sha ɗaya ya taɓa rubutawa a layin ƙasa, uku ne suka mutu. A gida sau ɗaya aka cike masa, kuma an mutu. Idan ya bar layin, ko Kaka ko ni, babu makawa. Idan ya sa Tsinke, takwas cikin sha ɗaya karaya ce kawai.

Na ɗauki takardar, na ga sunan. Na wuce Tsinke a tsakar gida, ya ce, "'Yar gidana, me Yaya ya rubuta mini?" Na sunkuyar da kai na ce ban duba ba. Kunyar Kawu nake ji, kuma na san wa za a sa idan ba shi ba.

A gangara ta biyu birkinsa ya ƙi kamawa, gawarsa aka kawo mana gida. Sauran jerin duk ya fito daidai, tun daga na ɗaya.

Kaka ba ta yi kuka ba. Tun ranar take zama a bakin ƙofa tana tsayar da duk mai keke, tana leƙa fuskarsa. Kawu ya koma bayan siton, ya tarar ɗakin wayam, sai ƙugiya a rufi. Ya daina hasashe, masu layi suka watse, gidan bene ya tafi. Yanzu ɗaki biyu muke haya, ni nake kula da su duka. Ya cika bangon ɗakinsa da lambobi da gawayi, duk wanda ya shigo sai ya riƙe masa riga ya ce ya duba masa inda kuskuren yake, domin takwas ya fi uku.

Ni ba ni da ilimin da zan duba masa. Abin da na sani shi ne, Allah ya ba shi bakwai da guminsa, muna ci muna ƙoshi, kowa yana raye. Duk wanda ya raina abin da ke hannunsa har ya je neman cikon a irin wancan ɗaki, ya sani ba da nasa jinin zai biya ba. Da mutanen gidansa zai biya, ɗaya bayan ɗaya, kuma da hannunsa zai rubuta su.