Gidan Baƙin Get

Ranar Litinin da hantsi wata mai jego ta shigo ofishin 'yan sanda, jariri a kafaɗa, ta sako takalmi ƙafa daban-daban. Sufeto, mace mai sanyin murya da zafin ido, ta ja mata kujera ta miƙa mata ruwa, ta jira har numfashinta ya dawo daidai.

Labarin ba shi da tsawo. Kotu ta raba ta da mijin da ya karya mata hannu tana da ciki, ta kuma hana shi zuwa inda take. Sai ta tattara ta koma wani rukunin gidaje can ƙarshen gari, inda ko danginta ba duka suka sani ba. Kwana goma sha ɗaya da haihuwarta, yau da safe, sai ga shi yana dukan get ɗinta yana cewa a fito masa da ɗansa. Da ƙyar maƙwabta suka kore shi.

"Wa kika ba adireshin?" Sufeto ta tambaya.

"Mutum ɗaya tak. Ungozomar da ta karɓi haihuwata, wannan tsohuwar da ake ce wa Inna. Na riga na biya asibitin na kai ƙararta. Sun dakatar da ita, ranar Alhamis za su zauna a kanta."

Inna ce ta karɓi haihuwar ita kanta Sufeton, ranar da ta faɗo duniya ba ta fi kilo biyu ba, kowa ya cire rai ban da Inna. Shekara talatin da huɗu matar nan tana aiki ba a taɓa kiranta ofis ba, saura wata guda ta yi ritaya, yanzu kuma a sallame ta da sunan mai sayar da sirrin mata? Sufeto tana son tsohuwar nan kamar uwar da ta haife ta. Duk da haka ta ɗauki littafinta da biro, ta ce wa ranta idan Inna ce, to Inna ce.

A gida ta same ta, tana ninke farin kayan aikinta a kan gado.

"Kilo Biyu, kin ci abinci?"

"Inna, aiki na zo."

"To shi aikin ba ya cin abinci?"

Sufeto ta danne dariya. "Kin san tsohon mijin yarinyar nan?"

"Ko a hanya muka haɗu ba zan gane shi ba."

"Bayan kin rubuta adireshi, ina yake zuwa?"

"Ina rubutawa da hannu a rajista, in kulle a kabad. Kati ya tafi ofishin rajistar haihuwa, su buga a na'ura. Su kuma su tura wa hukumar rigakafi, don a bi jariri da allura." Ta ajiye rigar. "Da can sirrin mace a ɗakin haihuwa yake kwana. Yanzu kafin cibiya ta faɗi ya zaga ofis uku. Ni ba korar ce ta dame ni ba, 'yar nan. Yarinyar ta riƙe hannuna tana naƙuda ta ce kar in gaya wa kowa, kuma yau tana ganin na ci amanarta."

A asibiti aka buɗe wa Sufeto rajistar. Ga rubutun Inna nan ɓaro-ɓaro: "Gidan baƙin get, layi na uku." Lanƙwasar da ta yi wa harafin ƙa ta kusa taɓo layin sama. Wata nas ta ce ai sun daɗe suna tsokanarta, wai ƙa ɗinta kamar mariƙin lema.

Daga nan Sufeto ta wuce unguwar. Kowane layi yana da babban get a bakinsa, kuma gidan farko a layi na uku na wata tela ce, wadda ba ta jira an tambaye ta ba.

"Ai ni ya fara bugawa, ranki ya daɗe. Wani dogo, da koriyar rigar ƙwallo mai hoton zakara a ƙirji. Wai in fito masa da mai jego. Na ce bawan Allah, autana yana jami'a, wane jego? Ya nuno min takarda, ya ce ga shi a rubuce, gidan bakin get."

"Rubutun hannu ne?"

"A'a, bugun na'ura. Da na kore shi sai ya bi layin yana leƙe-leƙe, har ya hango kayan jarirai a igiya can ƙarshe."

Sufeto ta taka har ƙarshen layin. Get ɗin mai jego baƙi ne wuluk, shi kaɗai a cikin gidaje goma sha biyu. Ta tsaya tana kallonsa, ta waiwaya ta hango gidan tela a bakin get, sai ta yi murmushi a karo na farko tun safe.

Ranar Talata ta je ofishin rajistar haihuwa. Akawun wurin, wata mai gilashi da ba ta son a taɓa mata tebur, ta juyo mata da fuskar na'ura.

"Mu tamu tana da ƙa da ɗa da ɓa. Duba, baƙin get, yadda ungozoma ta rubuta. Kuma tun da na shigar ba wanda ya buga shi a takarda, ga tarihin shiga nan."

Sufeto ta duba, ta ga haka ne, ta soke sunanta daga cikin waɗanda take zargi.

A hukumar rigakafi mutum biyu ne ke iya buɗe bayanan masu jego. Ta farko mai allura ce, wadda ke bin gidaje da akwatin sanyi. Ta zaro jerin sunayenta daga jaka. An buga "bakin get", amma an ɗora wa harafin lanƙwasa da jan biro.

"Wa ya gyara wannan?"

"Ni. Tsohuwar na'urarmu duk harafin da ya shigo da lanƙwasa sai ta aske masa ita. Shi ya sa nake kiran uwa a waya kafin in fita. Ita ta kwatanta min, na je ranar Larabar da ta wuce na duba jaririn."

"Ke nan kin san gidan."

"Har ruwa na sha a ciki."

Sufeto ta soke ta ita ma. Wanda ya san gidan ba zai tura mutum wurin tela ba.

Na biyu mai shigar da bayanai ne, ana ce masa Injiniya. Ɗakinsa ƙarami ne, da fanka mai ƙara da firinta a kan kujera. Tarihin na'urarsa ya nuna an buga shafin mai jegon sau biyu, ranar Talata da ranar Juma'a na makon jiya.

"Na Talata yana wurin mai allura. Ina na Juma'a?"

"Firinta ce ta cinye takardar, ranki ya daɗe."

"Ta cinye, ta kuma kai wa tela ta gani?" Ta nuna bayan ƙofa, inda koriyar riga mai hoton zakara take rataye. "Kulob ɗinku ɗaya da tsohon mijin mai jegon?"

Injiniya ya kalli rigar, ya kalli ƙasa. "Shi ne golanmu. Ya yi ta kuka, ya ce ɗansa kawai yake son gani. Ko sisi ban karɓa ba."

"Ya gaya maka hannun da ya karya?"

Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ya kashe na'urar ya biyo ta, golan ma za a je a ɗauko shi.

Ranar Alhamis ta shimfiɗa takardu uku a gaban kwamitin asibiti.

"Inna ta rubuta baƙin get. Ofishin rajista ya buga baƙin get. Hukumar rigakafi ce kaɗai ke da bakin get, kuma gidan da ke bakin get mutumin ya fara bugawa. Da daga hannun Inna adireshin ya fita, da kai tsaye zai wuce ƙarshen layi, don lanƙwasarta ko makaho ya shafa zai ji ta."

Shugaban kwamiti ya yi gyaran murya, ya ba Inna haƙuri a gaban kowa, ya ce za su rubuta wa hukumar a rage masu ganin adireshin mata.

A baranda mai jego tana jira. Ta durƙusa tana hawaye. "Inna, ki yafe min."

"Tashi, tashi, mai jego ba ta durƙuso a siminti. Tsoro ne, kuma kina da gaskiyar jin sa." Ta karɓi jaririn ta auna shi a tafin hannu. "Kilo Biyu, wannan ya ninka ki."

"Inna, a bakin aiki nake."

"Ni ma na koma nawa."

Mai jego ta ce dole ta sake tashi daga gidan, ta fara faɗin sabuwar unguwar. Inna ta ɗora mata yatsa a baki.

"Riƙe abinki, kar ki gaya wa kowa, har ni. Allurarsa ta sati shida ta faɗo ranar aikina na ƙarshe. Ki kawo min shi nan, ni zan yi masa da hannuna."