Mai Buɗe Hanya

Baba na faɗuwa, Tabarau ya gudu.

Da idona na gani. Kofin shayi ya suɓuce daga hannun Baba, ya dafe ƙirji ya sulale daga kujera. Shi kuwa mutumin da nake ta faɗa da kowa a kansa ya kalli Baba, ya kalli taga, ya fice ko takalmi bai tsaya sawa ba.

"Kin gani ko?" in ji Gwaggo, ƙanwar Baba, tana kuka amma bakinta bai mutu ba. "Ga masoyin naki nan, ya ranta a na kare."

Na danna lambar gaggawa. Fuskar Baba ta yi toka-toka, zufa na karyo masa. Tunda Mama ta rasu shi kaɗai ya rage mini, kuma ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar.

"Baba... Baba ka dube ni, don Allah..."

Tsohon ma'aikacin kashe gobara ne Babana, tabon wuta tun daga wuyan hannu har kafaɗa. A wajensa namiji shi ne mai faɗawa cikin wuta. Shi kuwa Tabarau, sunan da na laƙa masa saboda kaurin gilashinsa, wasan bidiyo yake ƙerawa. Ranar ce ya fara zuwa gaida Baba, kuma tsautsayi ya sa Baba ya ce a nuna masa wasan.

Tabarau ya miƙa wayar yana sunkuyar da kai. "Dodo ne zai far wa gari, Baba. Akwai jarumin da aka ƙaddara zai kashe shi, yana tafe a kan doki."

"To, ni ne jarumin ke nan."

"A'a Baba. Kai mai gadin ƙofar gari ne. Za ka buɗe ƙofa, ka janye amalanke daga hanya, ka kore awaki, don ya iso a kan lokaci."

"Takobina fa?"

"In ka ɗauki takobi, dodon zai cinye ka nan take."

Ƙato, ɗan Gwaggo, ya kwashe da dariya. Dama shi uwarsa take ta cusa wa Baba don a ba shi aurena, kullum sai ta kawo shi da rigar da ta matse masa damtse, kuma ita ta kai gulmar cewa Tabarau ba shi da aikin yi sai latse-latse.

Baba ya ajiye wayar. "Yaro, kai ka ƙera duniyar da hannunka, amma ko a cikinta ka kasa zama namiji? Ni ba zan ba ka Auta ba."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan kafin ya faɗi.

"Ki jingina shi da bango, ki kwance masa maɓallin wuya," in ji matar da ta ɗauki wayata. "Motar asibiti ta taso. Kada ya motsa."

Ƙato ya naɗe hannun riga. "Matsa, Auta. Goya shi zan yi in sauka da shi."

"Daga hawa na huɗu? An ce kada ya motsa."

"Ke bar namiji ya yi aikinsa," Gwaggo ta ce.

Na kifa a jikin Baba na ƙanƙame shi. "Wallahi Yaya in ka taɓa shi sai dai ka ɗauke mu tare."

Numfashin Baba ya koma sama-sama. Ya motsa leɓe, na kai kunnena.

"Hanya..." ya ce. "Motar siminti..."

Layinmu siriri ne, mashiga ɗaya gare shi, kuma tun safe wata ƙatuwar motar siminti ta toshe bakinsa, direban ya kulle ya yi gaba. Mu masu layin har mun saba, raɓawa muke yi mu wuce. Daga nesa na fara jin jiniya. Motar asibiti za ta zo, ta tsaya a titi, Baba ya mutu tana kallon gidanmu.

Na rarrafa zuwa taga.

Can na hango Tabarau. Ƙafa ba takalmi a kan kwalta mai zafin rana, yana janye da wani mutum daga shagon aski, rabin kai a aske, ƙyallen wanzami har yanzu a wuyansa. Direban ne. Mutumin na zagi yana fizgewa, Tabarau na nuna tagarmu, har na ga ya durƙusa masa. Motar ta yi gurnani, ta fara ja da baya, sai dai babu inda za ta fita, motoci sun cika babban titi ba mai niyyar tsayawa.

Sai ya shiga tsakiyar titin ya ware hannuwa.

Tabarau da ko kyankyaso ya gani sai ya canza ɗaki.

"Nawa... a'a... fito..." Haka nake kiransa in mu biyu ne, amma muryata ko tagar ba ta wuce ba.

Wata ƙaramar mota ta ci burki, ta buge shi a kwatangwalo. Ya faɗi, gilashin ya yi tsalle. Na toshe bakina, na waiga ga Baba, na waigo titi, ban san wanda zan fara yi wa kuka ba. Ya miƙe yana ɗingishi, ba ya ganin komai, ya sake ware hannuwan.

Motar siminti ta fice. Motar asibiti ta shigo layinmu ko burki ba ta taka ba.

Ma'aikatan suka sauko da Baba, Ƙato na gaba yana ta ba da umarnin da ba mai saurare. Tabarau na rakuɓe a jikin bango, suka wuce shi ba wanda ya ko kalle shi.

Washegari likita ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan da labari ya sha bamban. Gwaggo ta gyara zama a gefen gadon. "Ai Yaya, ba don ɗanka Ƙato ba..."

"Ina yaron?" Baba ya katse ta da dasasshiyar murya.

Tabarau na bakin ƙofa tun jiya, ya ƙi shigowa. Na kamo shi, tafin ƙafarsa a naɗe da bandeji, yana lalube yana ƙifta ido.

Baba ya dube shi.

"Auta ta faɗa mini. Na yi aikin kashe gobara har na tsufa, yaro. Sau da yawa muna cikin mota, muna hango hayaƙi, muna jin ihun mutane, amma wani ya ajiye mota a hanya ya tafi sabgarsa. Waɗannan ranakun su ke hana ni barci, ba wannan ba." Ya taɓa tabon hannunsa. "A wasan naka, jarumin yana isowa?"

"In mai gadi ya yi aikinsa, Baba."

"Yana gode masa?"

"Bai ma san da shi ba. Wucewa yake yi."

"To ni na sani."

Gwaggo ta ɗauki jakarta, wai za ta nemo ruwa.

Hawayena suka ɓalle. "Na zaci guduwa ka yi, Nawa. Ka yafe mini."

"Ai na ji tsoro, Autata," ya ce a hankali.

"Ke, daina jiƙa mini gado," in ji Baba, yana lumshe ido. "Kai shi a yanka masa sabon gilashi. Ba zan ba shi 'yata yana lalube ba, gara ya ga rigimar da ya ɗauko."