Lofen da Kalilu Ya Sayo a Chow Kit

Nama ne ya kai Kalilu kasuwar Chow Kit, a ƙasar wajen da yake karatu, ran nan, dab da magariba. Matarsa Nuriyya ce ta ce ya biyo mata da naman rago da attaruhu. An ɗauke ruwa ke nan, ƙasa duk caɓi, ƙarnin kifi ya gauraya da warin 'ya'yan itacen duriyan. Yana neman hanyar fita ta wani lungu sai ya ga tsoho ya baza tarkace a kan buhu: matattun agogo, makullai, wayoyin caja. A tsakiyarsu akwai lofe baƙi na shan taba, bakinsa da shatin haƙoran wani.

Kalilu ya bar sigari tun kafin aure. Amma digirinsa na uku ya tsaya cak, sufabaiza sai dawo masa da aiki yake, barci ya ƙi. Ya kuma taɓa jin cewa lofe ba a kai hayaƙinsa huhu, kurɓa ake yi a fesar. Ya tsuguna ya taya. Tsohon bai ja ciniki ba. Bai kuma taɓa lofen da hannunsa ba, da gefen jarida ya turo masa shi.

"Boleh, boleh," in ji shi da yarensu, wato ya sallama, idonsa na wani wajen.

Kalilu ya ce a ransa, kayan sata ne. Ya jefa shi a jakar kwamfuta.

A can sama suke zaune, a wani dogon bene a unguwar Danau Kota, shi da Nuriyya da 'yarsu Hanan mai shekara huɗu. Bai yarda ya kunna a gida ba. Akwai matakalar baya da ba mai binta sai lifta ta lalace, nan ya mai da wurin koyonsa. Kullum da yamma sai ya ce zai sauka mamak, shagon mai shayi, ya sha shayi.

Abin ya ba shi wuya. In ya danna tabar da ƙarfi, sai ya yi ta ja kamar mai tsotsar dutse. In ya sassauta, ta ci wuta fuu ta mutu. Ashana ta ƙare masa kwali bayan kwali. Ran da ya matsa da ja, hayaƙin ya ƙona masa harshe, ya kwana biyu ko miya ba ya iya sha. Wani lokacin lofen ya riƙa ƙara ƙur-ƙur, ruwa mai ɗaci ya zubo masa a baki. Ya kalli bidiyon masu koyarwa har ya haddace maganarsu. A banza. Kullum da rabin taba baƙa, jiƙaƙƙiya, yake mayar da shi jaka.

Abin da ya fara damunsa shi ne safiya.

Duk safiya in ya buɗe jakar, sai ya tarar tabar ta cinye ƙurmus. Toka fara sol, mai laushi, irin wadda masu bidiyo suke cewa sai gwani. Kuma lofen da ɗumi.

Nuriyya ya zarga. Ya ɗauka ta gano, tana ƙone tabar ne don ta nuna masa ta sani. Ya riƙa satar kallonta wajen cin abinci. Ita ma kallonsa take yi. Da ya shigo sai ta karɓi rigarsa ta riƙe a hannu, ta daɗe kafin ta rataye.

Sai Hanan ta fara tari. Busasshen tari, wanda yake tashinta da asuba.

Ranar wata Alhamis Nuriyya ta fito daga ɗakin yarinyar da matashin kai, ta miƙa masa.

"Abban Hanan, shaƙa ka ji."

Ya shaƙa. Taba ce. Tasa.

"Lofe na saya," ya ce. "Amma wallahi ban taɓa kunna shi a gidan nan ba. A matakala nake..."

"To wa yake sha a ɗakin 'yata?"

"Ni ma ke na ɗauka kina taɓa min jaka."

Ta dube shi. "Ni?" Ta karɓe matashin. "Likita ya tambaye ni ko akwai mai shan taba a gida, na rantse masa babu. In ba za ka faɗa min gaskiya ba, ka nema mana tikitin komawa gida ni da ita."

Washegari da yamma ya ɗauki lofen da niyyar jefarwa. Ɗakin shara yana kusa da ƙofar matakala. Ya tsaya a tsakaninsu. Haushi yake ji, abu ya ja masa rigima a gida, kuma ko sau ɗaya bai ji daɗinsa ba. Ya ce bari ya gwada na ƙarshe.

Ya tura ƙofar, ta rufe a bayansa.

Hadari ya haɗo. Hasken da ke shigowa ta 'yar tagar bango ya koma ruwan toka. Wurin na warin siminti mai laima. Daga nesa ladanin surau, ƙaramin masallacin unguwa, ya fara kiran magariba, iska na yanke muryar.

Ya zauna, ya cika lofen, ya ƙyasta. Ya mutu. Ya sake. Ya mutu.

"Ka cika dannawa."

Daga sama muryar ta zo, daga kwanar matakala inda duhu ya fara. Muryar tsoho ce, a dishe. Da Hausa.

Kalilu ya ɗaga kai. Bai ga kowa ba sai inuwa, kamar mutum a tsugune. Ya san duk Hausawan benen nan, ɗalibai ne, ba tsoho a cikinsu. Ya ce ƙila mahaifin wani ne ya zo asibiti.

"Salamu alaikum, Baba."

Ba a amsa ba.

"Zazzage," in ji muryar. "Ka zuba kaɗan-kaɗan. Na ƙasa sako-sako. Na sama ka ɗan taɓa da yatsa."

Zuciyarsa ta ce ya tashi. Hannunsa kuwa ya riga ya fara zazzagewa.

"Baba, a wane hawa kake?"

"Kunna. Ka zagaya da wutar. Kada ka yi gaggawa."

Ya kunna. Tabar ta kumbura ta yi ja.

"Yanzu ja a hankali. Kamar numfashin mai barci."

Ya ja. Hayaƙin ya zo da sanyi, da zaƙi-zaƙi kamar dabino. Ba ɗaci, ba ƙuna. Kafaɗunsa suka saki. Sai a lokacin ya lura kiran sallar ya ɗauke a tsakiya. Ba ƙarar mota, ba ƙarar ruwa.

Kuma hayaƙin da yake fesarwa ba tagar yake bi ba. Matakala yake hawa, siriri, yana shiga duhun nan.

Wani abu ya sauko taki ɗaya. Ba ƙarar takalmi ba ce. Kamar ana jan jiƙaƙƙen buhu.

"Ka wahalar da ni," in ji muryar, yanzu a kusa. "Kai ba ka da numfashi mai kyau."

Warin tsohuwar toka ya cika wurin.

"Na yarinyar ya fi."

Kalilu ya so ya kai hannu ya cire lofen. Hannun bai tashi ba. Haƙoransa sun datse a kan shatin nan na wani, sun zauna daram kamar nasa ne.

Sai jan ya juya.

Ba shi yake ja ba. Shi ake ja. Iskar ƙirjinsa tana fita ta cikin lofen, a hankali, ba tsayawa. Wutar ta yi jajir.

Ya nemi A'uzu, harshe ya ƙi. Ya kama Ayatul Kursiyyu a zuci, ta kakkarye masa, ya koma farko.

Wani taki.

Idonsa ya fara rufewa. Ya ji sanyi a kumatunsa, kamar an matso da fuska.

Ya tattara abin da ya rage masa ya ciza. Wani abu ya fashe a bakinsa.

Ƙofa ta buɗe, hasken baranda ya faɗo ciki.

Nuriyya ce. Ta biyo shi ne don ta kama shi da idonta. Ta tsaya ƙiƙam, ta ce, "Innalillahi," can ƙasa-ƙasa. Sannan ta cafki wuyan rigarsa ta fizgo shi waje, ta banko ƙofar. Ya zube a kan tayil yana tari, yana tofar da jini da gutsuren baƙin itace. Ladan yana ƙarasa kiran salla.

Ba wanda ya koma ɗauko sauran lofen. A daren nan gidan wani abokinsa suka kwana, aka yi wa Hanan tofi. Tarinta ya tafi cikin 'yan kwanaki. Kalilu ya rasa rabin haƙorin gaba, kuma har yau harshensa ba ya bambance gishiri da sukari. Kafin wata ya ƙare suka koma unguwar Bukit Jalil, hawa na ƙasa.

Ya sha tambayar Nuriyya abin da ta gani, tana cewa ya bar maganar. Sai da suka kwana biyu a sabon gidan, wata safiya tana ninke kayan Hanan, ta faɗa ba tare da ta dube shi ba.

"Hannayenka duka biyu suna kan gwiwarka, Abban Hanan. Na gan su."

Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Amma akwai hannun da yake riƙe maka da lofen."