Auren da Ya Ci Ɗakin Karatu

Ruwan sama ne ya koro Mukarrama cikin ɗakin karatun unguwarsu a Kudan, hijabinta sharkaf. Salman, saurayin da ƙungiyar unguwa ta damƙa wa makullin wurin, ya ɗago kai daga littattafan da yake jerawa, ya manta inda ya tsaya.

"Sannu da zuwa. Littafi kike nema?"

"Mafaka nake nema."

"To, duka biyun kyauta ne."

Ruwa ya ɗauke, ita ba ta tafi ba. Ɗaki ne guda da 'yan bencuna da fanka mai sola, amma nan 'yan sakandare ke shirin jarrabawa, nan manomi ke kawo kwalbar maganin feshi a karanta masa ƙa'ida, tsofaffi kuma su yi ta musu kan jaridar da ta kwana biyu. Ba a daɗe ba Mukarrama ta tara 'yan matan layinsu, duk Asabar tana karanta musu labari. Salman na gefe, wai shi ba ya ji. Tana isa gida sai ga saƙonsa:

"Rabin raina, kin tsaya daidai inda labarin ya fi daɗi. Da gangan ne?"

"Da gangan ne, Malamina. In na ƙarasa me zai dawo da su? Har da kai."

Magabatansa suka je gaisuwa wurin mahaifinta, Alhaji Maiwada mai sayen hatsi, aka karɓe su hannu bibbiyu. Sai kaka ta zo. Masara ta yi albarka, siton Alhaji ya cika ya batse, idonsa ya faɗa kan ɗakin karatu. A taron ƙungiya, ƙofar gidan mai unguwa, ya ce a ara masa ɗakin zuwa bazara, ai littattafai ko a buhu za su zauna. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. To, wa ke sayen masararsu?

Ko yaro ya san suruki ba a haɗa ido da shi, balle a mayar masa da magana. Kamata ya yi Salman ya haɗiye, daga baya ya tura kawunsa. Amma sai ya miƙe tsam cikin mutane.

"Alhaji, a gafarce ni, wannan ba daidai ba ne. Wurin na jama'a ne."

Wallahi gaskiya ya faɗa. Sai dai a wurinmu ba a fara tambayar ko gaskiya ce, ana fara tambayar wa ya faɗa wa wa. Washegari aka mayar da kayan gaisuwa.

Da dare sai ga saƙon Mukarrama: "Malamina, me ka yi mana? Baba ya ce ko sunanka kada ya ji. Tun jiya ban sa komai a bakina ba."

"Ki yafe ni, rabin raina. Da na yi shiru, da wane ido zan kalli 'yan matanki?"

"Ni kuma da wane ido zan kalli wani in ba kai ba?"

Kawunsa, Malam Iliyasu, ya yi zaryar ban-haƙuri har takalminsa ya tsinke. Da ƙyar Alhaji ya sauko.

"A gaban mutane ya kunyata ni, a gaban mutane zai gyara. Ya kawo makullin da hannunsa."

Mukarrama ta kira shi tana kuka. "Kada ka bayar saboda ni."

"In na hana, gobe su ɓalle kwaɗon. In rasa ɗakin, in rasa ki?"

"Lallashin kanka kawai kake yi."

"Na sani," in ji shi. "Amma ba zan iya rabuwa da ke ba."

Bayan sallar Juma'a ya durƙusa gaban Alhaji ya miƙa makulli. Dattawa suka ce, "Madalla, yaro ya yi hankali." Shi da kansa ya ɗura littattafan a buhunan taki, 'yan sakandare na tsaye suna kallonsa. Har yau ban san wa ya fi ba ni haushi ba, mai karɓa ko masu madalla.

Bayan kaka aka ɗaura aure, kuma biki ya yi kyau, ba na ƙarya. Tsofaffi suka yi ta sa albarka: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki. Amin dai, don suna son juna kamar me. Alhaji ma ya huce sarai, ya haɗo wa 'yarsa gara ta gani ta faɗa, har da buhunan masara da aka ɗauko daga sabon sitonsa, wato tsohon ɗakin karatu.

Ranar da amarya ta fara girki, tuwon masarar nan ta tuƙa. Ta ajiye kwano a gabansa, suka zauna suna kallon tuwon har ya fara hucewa.

"Malamina, bismillah," in ji ta.

Ya wanke hannu ya yanko loma, ya daɗe kafin ya iya haɗiyewa.