Abin da Ya Faɗo a Zauren Malam Mamman

Wani sashe na labarin nan ya kuɓuce mini. Na manta ko kafin girbin gero aka yi shi ko bayansa, sunan ƙauyen manomin da zai shigo ciki ma ya ɓace mini, ko Masama ne ko Kambaza. Sauran dai yana nan.

Surayya tana laɓe a bayan ƙofar zauren gidansu a Gwandu, da kwanon fura a hannunta, ranar da Muhammad Sani ya zo gaida mahaifinta. Saurayin direba ne ɗan Kalgo, mai jigilar fasinja, shekara biyu suna son juna, ranar aure kawai ta rage a sa. Ta ji sallamarsa, ta ji ya tuɓe takalmi. Yana durƙusawa gaban Malam Mamman sai wani abu mai nauyi ya zame daga ƙugunsa ya bugi tabarma, tim!

Ta leƙa. Ƙaramar bindiga ce ƙirar maƙera, bakinta yana kallon ƙafar mahaifinta.

Malam Mamman tsohon maharbi ne. Bai motsa ba, ya ce, "Da harsashi a cikinta?"

"Akwai, Baba."

"Shekara arba'in ina farauta, ban taɓa shiga zauren mutum da bindiga a ɗure ba. A bakin ƙofa ake jingine ta, kowa ya gan ta ya san da wa yake magana. Kai kuma ka shigo neman ɗiyata da mutuwa a ƙarƙashin riga!"

Baffa Ɗanjuma, ƙanen Malam, ya yi caraf ya ce, "Haba Yaya! A zamaninku gada ake farauta, yanzu mutane ake farauta. Wanda ya rataya bindiga a fili shi za a fara harbewa. Yaron nan rayuka yake ɗauka a mota. In aka tare su a daji, wa zai kare su? Carbinka?"

Muhammad Sani ya ce, "Baba, bara aka tare abokina da fasinjojinsa, har yau ba labarinsa. Wallahi ba don fitina na saye ta ba."

"Kana da lasin?"

"Babu."

"Wa ya koya maka riƙonta?"

Ya sunkuyar da kai. "A waya na kalla."

"A waya!" Malam ya tafa hannu. "To ka ji ni. Muddin abin nan yana jikinka, Surayya ba ta shiga ɗakinka. Ɗauki kayanka."

Furar ta tuntsire a zanen Surayya, ba ta ma lura ba.

Da la'asar Muhammad Sani ya kira ta a waya. Ta ɗauka tana sheshsheka.

"Duk zancen da muka yi a ƙofar gida, bindigar nan tana jikinka?"

"Don ke nake riƙe ta, Surayya! In na ɗauko ki zuwa Kalgo aka tare mu, in tsaya ina kallo?"

"Ni ma kullum ka hau titi gabana faɗuwa yake. Amma wata nawa kana ɓoye mini? Kai da direban da ya sha gabanka a tasha kun taɓa cin kwalar juna, na sani. Ran nan tana ƙugunka?"

Sai ya kashe wayar.

Wata biyu ba wanda ya sauko. Surayya ta rame har awarwaronta yana zamewa. Wani lokaci ta ga gaskiyar mahaifinta, wani lokaci in an kawo labarin an tare wata mota sai ta ga gaskiyar masoyinta. Baffa Ɗanjuma ya same ta tana tankaɗe ya ce, "Ɗiyata, ki bar ni in tara dangi mu ɗaura auren nan. Yaya ya yi fushinsa ya gama."

Ta share hawaye ta ce, "A'a Baffa. Shi nake so, ba kuma zan saurari wani ba. Amma ba zan fita gidan nan ta bayan Baba ba. Zan jira."

Wata Talata da azahar ta ji tsayuwar mota. Ta ruga bayan ƙofar zaure. Muhammad Sani ne tsaye a waje, ya ɗaga rigarsa sama har an ga ƙugunsa, sannan ya yi sallama. Idanunsa jajur.

"Baba, jiya na kusa kashe mutum."

Ya ce yana tafe da fasinja sai wani ya fito daga cikin gona a guje, fuska naɗe da rawani, yana ɗaga wani abu dogo. Ya taka birki, ya daka masa tsawa sau uku cewa ya tsaya, mutumin bai tsaya ba. Bai san sa'ad da ya zaro bindiga ba.

"Yatsana yana kan kunamar bindigar, Baba. Wata tsohuwa a bayana ta riƙe mini hannu tana ihu, 'Sanda ce, ɗan nan, sanda ce!' Ashe manomi ne. Maciji ya sari matarsa, mota yake nema. Mun kai ta asibiti, ta rayu. Yau da safe mai unguwarmu ya raka ni na miƙa bindigar ga hukuma."

Baffa Ɗanjuma ya ce, "To da ɓarawo ne fa?"

Malam Mamman ya ce, "Da ɓarawo ne, da wataƙila yau muna zaman makoki. Ban ce hanya lafiya take ba, Ɗanjuma. Amma makamin da ke ɓoye a hannun mai tsoro, wanda bai koya ba, ba ya tambayar wanda ke tahowa." Ya juya ga saurayin. "Yanzu da me za ka kare fasinjanka?"

"Mun yi shawara a tasha za mu riƙa tafiya a jere, mota uku-uku, muna kiran juna. Na kuma ba da sunana a cikin 'yan sintiri masu rajista, in koya a fili."

"Shigo ka zauna. Surayya! Na san kina nan. Kawo ruwa, ki kira uwarki a zo a sa rana."

Ta fito tana dariya tana kuka.

An ɗaura auren a Gwandu, aka kai amarya Kalgo da rana tsaka. Baffa Ɗanjuma bai sauya ra'ayi ba, har yau in an taɓo maganar sai ya ɗaga murya. Ku dai yara ku riƙe wannan: wanda kake son karewa, kada ka fara da ɓoye masa abin da ke jikinka, kuma yarinyar da ta yi haƙuri da hukuncin iyayenta ba ta taɓewa.

Abu ɗaya ya daɗe yana damuna, wato abin da ya hana manomin tsayawa da aka yi masa tsawa. Daga baya na je ƙauyen na tambaya, aka nuna mini shi yana sassabe. Kurma ne tun haihuwa.