Ɗan Mahauci Ya Bar Nama

Cokali ne ya fara faɗuwa, sai Auta ya bi shi. Yana tsaye a ƙofar kicin yana tsokanar matarsa a kan waken da ta jiƙa, kawai ta ga ya dafa bango ya sulale ƙasa.

"Innalillahi! Yallaɓai — Yallaɓai, dube ni!"

Ya buɗe ido da ƙyar, ya yi murmushin yaƙe. "Jiri ne kawai. Don Allah kar Mama ta ji."

Karo na uku ke nan cikin sati biyu, kuma duk sau ukun ta ja bakinta ta yi shiru, don tsoro.

Wata shida da suka wuce likita ta gaya wa Auta kitse ya fara toshe masa hanyoyin jini, ga hawan jini, yana da shekara talatin da biyu kacal. Shi kuwa in ya sa kansa abu ba ya waiwaye. Ya dawo gida ya ce daga yau shi bigan ne: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara. Ɗan mahauci guda! Matar ta ce abin da ya ci shi za ta ci. Ta kwashe firij tas, ta koyi sarrafa wake da waken soya da ganye iri-iri a waya.

Mama, uwar mijin, ba ta ga abin burgewa ba. Dama Rabin-hanya take kiran surukar tata, don ta fara makarantar jinya ta bari, ta buɗe shagon ɗinki ta rufe.

"Yanzu kuma da ran ɗana za ki yi gwaji?" in ji Mama. "Wata shida na ba ki. In asibiti suka ce ya lalace, zan ɗauke abina, ke kuma kin san hanyar gidanku!"

Saura kwana huɗu a koma asibitin. In matar ta faɗi zancen jirin, maganar Mama ta tabbata. In ta ɓoye, wataƙila wata rana ya faɗi bai tashi ba.

Da yamma iyayen suka zo. Baba ya ajiye ƙunshin namansa a tebur, naɗe da takarda, kamar yadda ya saba duk sati. Surukar kuma takan karɓa da godiya, in ya tafi ta miƙa wa maƙwabta. Baba ba mai yawan magana ba ne. Shekara arba'in yana sayen dabbobi, bai taɓa biyan kuɗin wadda bai taɓa da hannunsa ba.

"Auta, zo nan."

Ya matsa masa kafaɗa, ya latsa haƙarƙari, kamar dai rago a kasuwa. "Kitse ya sauka. Madalla." Sai ya sa babban yatsa ya ja fatar idonsa ƙasa. Ya daɗe yana kallo.

"Fari fat. Dabbar da idonta ya yi haka ba na saye, jini ne ya yi ƙasa." Ya juya ga surukarsa. "'Yata, yana jiri?"

Auta ya ƙifta mata ido. Mama ta zuba mata nata. Har ta buɗe baki za ta ce a'a. Sai ta dubi leɓɓan mijinta da suka koɗe.

"Sau uku ya faɗi, Baba." Hawaye suka ɓalle mata. "Ni na ɓoye. Tsoro na ji kar a ce na sake kasawa."

"Ai na faɗa!" Mama ta tafa hannu. "Rabin-hanya, kin kusa kashe mini —"

"Ya isa," in ji Baba. "Ɗauko mukullin mota."

Awa biyu suka yi a kan bencin asibiti, matar tana murza gefen mayafinta har ya jiƙe da gumi. Da likita ta kira su, ta daɗe tana jujjuya takardu.

"Wa yake masa girki?"

Matar Auta ta ɗaga hannu.

"Sannu da ƙoƙari. Kitsen ya ragu sosai, hawan jinin ma ya daidaita. Abu ɗaya kuka manta. Akwai bitamin B12, ba a samunsa a tsirrai, duk wanda ya bar abincin dabba sai ya riƙa shan ƙwayarsa. Rashinsa ne ya rage masa jini. Za mu yi masa allura. Amma da kun ci gaba da ɓoyewa, da jijiyoyinsa sun taɓu."

Matar ta fashe da kuka, ita kanta ba ta san na murna ne ko na firgici ba. Auta ya riƙe hannunta. "Sori, ni na sa ki ɓoye."

Tsoron kasawa ya kusa raba yarinyar nan da mijin da take tattali. Kuskure ana gyara shi in an faɗa, ɓoye shi ne yake kisa, kuma wanda ya daure ya yi haƙuri zai ga ƙarshen abin da ya fara.

Bayan sati guda sai ga Baba da ƙunshinsa, takardar nan dai ta kullum. Surukar ta kwance shi, sai ta ga jan wake.

"Kilo biyu cif, a sikelin nama na auna," in ji Baba. "Mahauta sun yi mini dariya har da riƙe ciki."

Mama ta leƙo daga bayansa. "Ke Rabin —" Ta tsaya, ta gyara murya. "'Yata, kawo mini kujera kicin, in ga yadda kike dafa shi."