Ƙafar Bahijja

Sulle ya dawo daga gona ya tarar da 'yarsa Bahijja a tsakar gida, takalmin dama ya zame mata, tana ƙoƙarin janyo shi da yatsun ƙafa, yatsun sun ƙi motsi. Yarinyar da ta fi duk yaran Kwanyawa gudu! Zazzaɓin damina ne ya kama ta, wan Sulle, Maikuɗi mai kemis, ya yi mata allura, zazzaɓin ya sauka, ƙafar kuwa ta saki, tana reto kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Maikuɗi ne ya riga kowa magana a gaban mahaifiyarsu. "Inna, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Uwarta ce ke aikenta da magariba ta ƙarƙashin tsamiya, ga shi iska ta taɓa ta."

Zuwaira, matar Sulle, ta durƙusa hawaye na bin fuskarta. "Wallahi Yaya ban taɓa aikenta da magariba ba... Inna, ki yarda da ni."

Ba wanda ya saurare ta. Aka daina cin girkinta, in ta shiga gidan suna mata su janye 'ya'yansu. Aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe, mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare har fata ta saɓule, babu sauƙi. Daga ƙarshe Inna ta ce Zuwaira ta koma gidansu a ƙauyen Turawa sai an neme ta. Bahijja ta bi ta da rarrafe har zaure tana kuka, "Umma, ki tafi da ni..." Sulle ya juya fuskarsa ga bango, ya ce, "Ya Allah, Kai ne shaida."

Daga ranar duk wanda Sulle ya gani sai ya tambaye shi ko ya san maganin ƙafar. A kasuwar Rogo wata mai tallan nono, Baraka, ta ga yarinyar a kafaɗarsa, ta ajiye ƙwaryarta. "Malam, haka ɗana Lukumanu ya yi. Akwai likitar gashi da ke zuwa asibiti a Karaye. Ba gashin ruwan zafi ba, aikinta dawo da motsi ga gaɓar da ta saki. Ga ɗan nawa can yana bin shanu."

Sulle bai san lokacin da ya hau babur ba, buhun gyaɗarsa ma a kasuwar ya manta shi! Ya biya Turawa ya gaya wa Zuwaira ta shirya. Da Maikuɗi ya ji labari sai ya ruga wurin Inna. "Yanke ƙafar za su yi, ki hana shi." Inna ta yafa mayafi ta ce ƙafarta ƙafarsu, ba mai taɓa jikarta da wuƙa.

A asibitin Karaye, Likita Halima Sadiya ta lallatsa ƙafar, ta juya yarinyar, sai ta tsaya a kan wani ƙulli a tsakiyar ɗuwawunta. "Wa ya yi mata allura a nan? Jijiyar da ke ɗaga ƙafa ta nan ta bi, ita aka soka."

Inna ta dafe ƙirji. "Ba iska ba ce, 'yar nan?"

"Iska ba ta barin tabon allura, Inna. Jijiyar ba ta mutu ba, amma sai an dage. Ina mahaifiyarta? Ita zan koya wa."

Zuwaira ta fashe da kuka. Inna ta kamo hannunta. "Ki yafe mini... ɗan da na haifa ne ya cuce mu."

Da ƙafarta Inna ta je gaban dagaci ta kai ƙarar Maikuɗi. Nan wasu iyayen suka fito da nasu yaran da allurarsa ta nakasa, jami'an lafiya suka rufe kemis ɗin, Maikuɗi ya bar gari ba sallama.

Safe da yamma Zuwaira na miƙar da ƙafar tana lanƙwasawa tana salati, ga takalmin roba da likita ta ba su. Wata rana da kaka, ana cikin tsinkar gyaɗa, Bahijja ta ƙwalla kira, "Baba, duba!" Ta sa babban yatsa ta janyo takalminta, ta zura, ta miƙe tana tangaɗi. Inna ta buɗe hannu, Sulle ya buɗe nasa, amma yarinyar ta wuce su duka, ta faɗa jikin uwarta.